Ranar da Aka Ce Na Lalata Kwamfuta

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyu a ƙaramar sakandare, na fara ɗora yatsana a kan kwamfuta. An kwana ana ruwa, filin makaranta ya yi caɓi, muka jera takalmanmu a ƙofar ɗakin kwamfuta kamar masu shiga masallaci. Kafin ranar, a allo muka san kwamfuta. Malama Grace, 'yar bautar ƙasa daga Filato, ita take zana mana shafin lissafi mai gidaje-gidaje da alli, tana nanata cewa duk lissafin da bai fara da alamar daidai ba, kwamfuta ko kallonsa ba za ta yi ba. Ni kuwa da na koma gida Hausari, na gama surfe na cika randuna, sai in zana gidajen a ƙasa inda muke 'yar gala-gala, in yi ta zuba musu lambobi, ƙannena suna cewa Yaya ta zautu.

Ranar nan zazzaɓi ya kwantar da Malama Grace, sai Malam Bukar mai horo ya tsaya a kanmu da tsumagiya, don makullin ɗakin a hannunsa yake. Da layi ya zo kaina na sa alamar daidai, na haɗa lambobin yadda aka koya mana, na danna. Maimakon amsa, sai gidan ya cika da wasu 'yan zane masu kama da dangar kara. Aji ya ɗauka: ta lalata, ta lalata! Malam Bukar ya finciko ni da hijabina, ya kashe janareto, ya yanke hukunci nan take. Ba zan sake taka ɗakin ba sai na durƙusa a gaban taron safe na ce na yi ganganci, na ba da haƙuri.

Na ƙi. Abin da aka zana a allo shi na yi, ban ƙara ba ban rage ba. Baba direban tirela ne, yana hanyar kudu, don haka Inna ce ta zaunar da ni muna tsinkar zogale ta ce, "Hauwa, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Na ce mata ba durƙuson ne ya dame ni ba, ƙaryar da zan yi wa kaina ce. Ta ce taurin kan dangin ubana na garin Mamudo na kwaso, waɗanda ko jaki ya san su. Na yi kuka sosai, domin duk ajin babu mai son ɗakin nan kamar ni. Da Malama Grace ta warke na je in yi mata bayani, ta ce maganar horo ba hurumin baƙuwa ba ce, kuma an kashe kwamfutar ba a adana aikin ba, babu abin da zan nuna.

Haka na ci sauran zangon a waje. Duk lokacin darasin ana ba ni tsintsiya, ni kuma in share gindin tagar ɗakin kaɗai, har ƙasar wurin ta yi santsi, ina leƙe. Gero ya yi kai, aka yanke, ina nan a taga. Ana cikin roron wake sai ga irin dangar nan ta fito a kwamfuta wa Musa, shugaban ajinmu, ya daskare kamar an kama shi da sata. Malama Grace ta sunkuya ta ja bakin layin da linzamin kwamfuta, gidan ya buɗe, amsa ta bayyana. Ta ce kada kowa ya tsorata, gidan ne ya yi wa lambar kaɗan. Ta ɗago muka haɗa ido ta taga. Babu wanda ya kira ni, babu wanda ya ce mini sannu. Na jingine tsintsiya, na cire takalmi, na ratsa ta gaban Malam Bukar na zauna. Shi kuwa ya juya yana duban janareto.

Yanzu da wannan shafin lissafi nake cin abinci, a wani ofishi a Nangere. 'Ya'yana suna latsa waya tun kafin su iya tsarki, ba sa tsoron lalata komai, kuma ina yi musu murna. Amma wani lokaci ina kewar zamanin da abu ɗaya yake isa ya cika wa yarinya zuciya har ta share zango guda a gindin taga dominsa. Malam Bukar ya tsufa, mukan haɗu a kasuwa in durƙusa har ƙasa in gaishe shi, don ya girme wa ubana. Haƙurin nan dai har yau ban bayar ba.