Tumakin Malam Amos

Malam Amos mutumin kudancin Kaduna ne, amma a Karakkai ta ƙasar Bungudu ya ƙarar da ƙarfinsa. Shekara ashirin da uku yana koyar da Turanci a firamaren garin. Shi da matarsa Rebecca ne kaɗai Kiristoci a unguwarsu, duk Lahadi sukan hau babur zuwa coci a Gusau, amma babu suna ko jana'izar da ba a ganinsa.

Darasin da ya fi so shi ne jam'i, wato yadda sunan abu ɗaya yake komawa na abubuwa da yawa. Yakan shigo aji da buhu a kafaɗa, ya zazzage kofuna da ƙananan akwatuna da wuƙaƙe a kan tebur. Ya ɗaga kofi ɗaya ya ce cup, ya ɗaga biyu ya ce cups. Akwati box ne, in sun yi yawa boxes, domin kalma irin wannan s kaɗai ba ta isar ta, sai an ba ta es. Wuƙa knife, wuƙaƙe knives. Daga nan sai ya ɗebi gero a tafin hannu ya ce wannan ba a ƙirga shi, don haka babu ruwansa da s. In yara suka yi ƙorafin child da children sun yi wuya, yakan tuna musu cewa su ne masu cewa akuya da awaki, kuma bai taɓa jin sun kuskure ba.

Wata Talata da hantsi wani mai duba makarantu ya zo. Saurayi ne da ba a daɗe da ɗauka aiki ba, ana cewa ɗan 'yar'uwar wani babba ne. Ya shiga aji biyar tare da hedimasta, Malam Lukuman, ya tarar an rubuta a allo: one sheep, ten sheep. Sai ya karɓi alli ya ƙara s a ƙarshen ta biyun, ya juyo ya gaya wa yara malaminsu ya yi mantuwa.

Malam Amos ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, wannan kalmar ba ta canzawa. Tunkiya ɗaya sheep, garke guda ma sheep."

Saurayin ya tambaye shi ko yana da digiri. Ya ce a'a, a kwalejin horon malamai ya tsaya. To, in ji saurayin, ya bar allon yadda yake. Malam Amos ya dubi hedimasta, wanda ya san gaskiyar maganar sarai, ya ga ya sunkuyar da kai yana jujjuya makullin ofis. Sai Malam Amos ya sa tafin hannu ya goge harafin. Wata yarinya a bayan aji ta kasa riƙe dariya.

Bayan wata guda takarda ta iso. An mayar da Malam Amos wani ƙauye can bayan Tsafe saboda rashin ladabi ga na gaba. Da la'asar Malam Lukuman ya same shi a ƙofar gida yana ɗaure kaya.

"Da ka bari ya tafi, sai ka goge abinka. Harafi ɗaya ne fa, Malam."

"Yara arba'in ne suke kallo," in ji Malam Amos, bai ɗago ba.

Iyayen yara sun tura dattawa biyu ofishin ilimi su roƙa masa. An karɓe su da fara'a, an ce za a duba.

A ƙauyen da aka kai shi, 'yan bindiga sun riga sun kori rabin mutane. Aji biyu babu rufi. Rajista ta ce yara saba'in, masu zuwa shida ne, wata rana uku. Rebecca ta koma Gusau da 'yarsu Alheri, shi kuma ya riƙa tafiya Litinin yana dawowa Juma'a. A damina ta biyu aka tare shi a hanya da rana tsaka, aka ƙwace babur ɗin, aka buge shi da gindin bindiga. Tun daga ranar kunnensa na hagu bai sake ji ba. Sau uku yana rubuta takardar neman a dawo da shi kusa da asibiti, ko ɗaya ba a amsa ba. Sai ya ajiye aikin.

Yanzu yana Gusau, shi ke kunna wa Rebecca injin markaɗe. Tsofaffin ɗalibansa sukan tsaya su gaishe shi, sai ya juyo musu kunnen dama, ya amsa a taƙaice.

Bara Alheri ta gama sakandare, ta kawo masa fom ɗin kwalejin horon malamai don ya sa hannu. Ya karanta shi daga farko har ƙarshe, ya ninke, ya miƙa mata.

"Ki nemi wata sana'a, Alheri."

Ta yi kuka. Rebecca ta yi mako guda tana lallashinsa, har fastonsu ya sa baki, bai sa hannun ba. Yanzu Alheri tana koyon ɗinki a wurin wata mata a Tudun Wada.