Zogale ya fitar da ni kunyar surukina a Lolo

Sallar asuba kawai muka jira ranar Laraba muka kama hanya daga Birnin Kebbi, ni da abokin aikina da direban wata tsohuwar a-kori-kura da muka ɗauka shata. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san sana'ata, wankin gilashin tagogi nake yi, na ofisoshi da otal da manyan shaguna. Waɗanda ba su sani ba yau sun ji, kuma na san akwai mai murmushi a cikinku. Ba komai, na saba. Surukina ma, mahaifin matata, shekara huɗu ke nan bai taɓa furta sunan sana'ar nan da bakinsa ba. In aka tambaye shi me mijin 'yarsa yake yi, sai ya kau da kai ya ce, "Shina 'yan buge-buge can Birni."

To shi ne ya kira ni da kansa. Mutanen garinsu, wani ƙauye gab da Lolo a ƙasar Bagudo, sun gama ginin sabon masallacin Juma'a, shi ne shugaban kwamiti, kuma ranar Juma'a za a buɗe, an gayyato baƙi har daga ƙetaren iyaka. Magina sun kwance katakansu sun tafi, sun bar gilasai dame-dame da ƙurar siminti, tagogin sama kuma babu tsanin da zai kai. Ya tambaye ni ko zan iya. Ni kuwa daɗi ya ɗebe ni, na ce masa ko tsumma ba zai taɓa gilashin ba, za su bushe da kansu tas. Da zan fito matata ta rako ni har bakin ƙofa, abin da ta ce kawai shi ne, "Don Allah kada ka ba ni kunya a garinmu."

Bari in ɗan yi muku bayanin kayan da muka ɗauka, don labarin a kansu yake. Mu ba ma hawa tsani. Doguwar sanda gare mu mai shiga cikin juna, da burushi a kanta, ruwa ya biyo siririn tiyo ya fita ta burushin. Sirrin duka a ruwan yake. Ruwan da kuke sha yana da gishirin ƙasa a narke wanda ido ba ya gani, shi ne yake barin farin tabo in gilashi ya bushe. Saboda haka muke yawo da matatarmu, mu tace ruwa a wurin aiki. Ruwan yakan bi ta matacin da ke tare laka, ya bi ta gawayi, sannan ya shiga wata tukunya cike da 'yan ƙwayoyi kamar ƙwan kifi, su ne masu tsotse gishirin. Ƙwayoyin nan suna ƙoshi su daina aiki, kuma sai Kano ko Legas ake samunsu. Ina da cikin tukunya ɗaya da ɗan ƙullin ajiya. Akwai kuma ma'auni, ɗan abu kamar biro, in ka tsoma ya nuna sifiri to ruwa ya yi.

A Jega muka karya da shayi da ƙosai mai zafi. Damina ta zo ƙarshe, hanya kore shar dama da hagu, gero ya sunkuyar da kai, shinkafa a fadama sai sheƙi take yi. Daga Koko muka karkata yamma, nan direbanmu ya fara wa'azi a kan ramuka, kowane rami ya san shi da tarihinsa da tayar da ya taɓa ci masa. Mun tsaya a Bagudo muka sha fura da nono a wurin wata Bafulatana da ta ƙi yarda a sa mata sukari a ƙwarya, wai ɓata mata nono za mu yi. Gaskiyarta ce, bai buƙata.

A gadar Tuga na ce a tsaya. Duk wanda bai taɓa ganin Kwara a ƙarshen damina ba, ya yi ƙoƙari ya gani. Ruwa ne iya ganinka, ja kamar an dama koko, jiragen masunta suna yawo a kai hankali kwance. Mata na soya kifi a gefen hanya, muka saya aka barbaɗa mana yaji, kuɗin da ko rabinsa ba za ka samu da shi a Birni ba. Abokin aikina ya leƙa gulbin ya ce Allah ya sa ba da wannan za mu yi aiki ba. Na yi dariya na ce ko a mafarki.

Daga Ka'oje zuwa Illo shingayen jami'ai sun yi yawa, kuma kowanne sandarmu ce take tsone masa ido. A wani shingen sai da na zare ta gaba ɗaya ta miƙe sama ta wuce itacen mangwaron da suke zaune a ƙarƙashinsa. Babbansu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in zan dawo lokacin mangwaro in tsaya masa.

Mun isa bayan la'asar. Masallacin ya yi kyau ƙwarai, fari fat, tagogi jeri biyu, na ƙasa da na sama. Surukina ya tarbe mu, na durƙusa na gaishe shi, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Bayan mun ci ya ce in zo in ga ruwan da zan yi aiki da shi. Bohol ne sabo a harabar masallaci, shi ya yi tsaye a kai har aka haƙa. Ya buɗe famfo da hannunsa, ya tara a kofi ya ɗaga wa rana, ya ce, "Ka gani? Duk yankin ga babu ruwa kamar wanga."

A nan na yi kuskurena. Ƙa'idar aikinmu, kowane ruwa sai ka tsoma ma'auni kafin ka haɗa shi da injin tacewa. Ma'aunin yana aljihun rigata, ina jin sa a ƙirjina. Amma ta yaya zan zaro shi in gwada ruwan surukina a gaban idonsa, ga dattawan kwamiti a tsaye? Ai kamar na ce ban yarda da shi ba ke nan. Kunya ta hana ni. Na karɓi kofin na sha, na ce ma sha Allah. Abokin aikina ya harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Da sauran rana muka zaga cikin Lolo. Gari ne da kunne ba ya hutawa, Hausa nan, Dandanci can, Fulatanci a gefe, kowa na ce maka "fofo", wato sannu da Dandanci. Naira da sefa duka suna ci a hannun mai shayi, ga dogon burodin nan na mutanen Jamhuriyar Benin mai ɓawo kamar rake. Aka nuna mana hanyar da ta miƙe zuwa iyaka, babura sai kai da kawowa suke yi kamar ƙasa ɗaya ce.

Ranar Alhamis da sassafe muka tayar da janareta muka fara da bangon gabas. Mutane suka taru suna kallon sanda, ni kuwa sai wani ƙara juya ta nake yi. Hantsi na yi rana ta bugi gilasan, na ɗaga kai na duba. Farin tabo ne ɗigo-ɗigo tun daga sama har ƙasa, kamar an watsa musu nono. Sai a lokacin na zaro ma'auni. Ruwan bohol ɗin gishirinsa ya ninka na Birni ban san sau nawa ba, cikin 'yan sa'o'i ya cinye ƙwayoyin tukunyata. In na zuba ƙullin ajiya, shi ma ba zai kai azahar ba. Ga bango uku ban taɓa ba, ga na gabas ya fi yadda na same shi muni, ga Juma'a gobe.

Surukina ya zo ya tsaya, hannu a baya. Ya dubi gilasan, bai dube ni ba. Ya ce, "Allah shi ba da sa'a," ya wuce. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna a kan duro na rasa abin da yake mini daɗi, maganar matata kawai nake ji a kunnena.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da soyayyen kifi a gindin bedi, wato dogon yaro, kusa da masallacin, daga gidan masunta take, tun safe tana kallonmu. Ta yafuto ni ta ce, "Ɗan nan, wa ac ce maka a yi wanki da ruwan bohol? Ruwan ga ko sabulu bai kumfa cikinai, wake bai nuna, dubi gindin butata yadda yay yi fari. Mu gulbi muka zuwa." Na ce, "Inna, ai gulbin nan laka ce zalla, minti biyar zai toshe mini inji." Sai ta aika aka ɗebo ruwa daga randar gidanta a moɗa. Fari ƙal. Ta ce na gulbi ne, da safen nan aka ɗebo. Na tsoma ma'auni don kawai in fita hakkinta. Na sake tsomawa. Na kira abokin aikina shi ma ya tsoma. Gishirin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, ruwa ne mai laushi irin wanda injin tacewa yake so. Ashe jan da ke cikin Kwara laka ce kawai, ita kuwa laka kwantawa take yi.

Na tambaye ta da me ta kwantar da shi. Ta kwance bakin zaninta ta nuna mini busassun 'ya'yan zogale. Ɓarewa ake yi a daka, a ƙulle garin a ƙyalle a kaɗa a cikin ruwa, a bar shi ya huta. Haka ta ga kakarta na yi. Ta ja mini kunne cewa ba a barin ruwan ya kwana biyu, wari yake yi, na yau daban na gobe daban.

Abin da ya biyo baya ba zan manta da shi ba. Tsohuwar nan ta aika gida-gida, aka ce aikin masallaci ne. Kafin azahar ana jin lugude daga cikin gidaje, ƙwarya-ƙwarya ta garin zogale tana fitowa. Masu amalanken shanu suka jero durorin ruwa daga gulbi. Ita ta tsaya a kanmu tana auna gari da tafin hannunta, ni da na zo da inji daga Birni ina riƙe da muciya ina kaɗawa, in na yi sauri ta ce in rage, ba tuwo nake tuƙawa ba. Daga azahar zuwa la'asar laka ta kwanta a gindi kamar ƙullu. Muka zuƙe na sama a hankali da tiyo, na sa ƙwayoyin ajiya, na yi bisimilla na kunna. Ruwan da ya fito na tsoma ma'auni, sifiri.

Muka sake bangon gabas muka haɗa da na kudu kafin magariba. 'Yan kallo suna ta ce mini in goge kada ya sake yin tabo, na ce a bar shi, amma ban bar wurin ba har sai da taga ta farko ta bushe a kan idona. Babu ɗigo ko ɗaya. Da sassafen Juma'a aka kaɗa sabon ruwa muka ƙarasa sauran biyun. Wani dattijo mai sanda ya zo ya daɗe yana kallon sama, sannan ya tambayi abokin aikina yaushe za a sa gilasan, ga baƙi sun fara zuwa.

An yi sallah masallaci cike maƙil, haske ya shigo ta tagogin sama ya kwanta a kan sahu. Bayan an sallame ina can gefe ina naɗe tiyo, sai na ji surukina yana kirana. Yana tsaye da manyan baƙin da suka zo daga Benin, ɗayansu yana nuna tagogi yana tambaya. Na zo na durƙusa. Ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Mijin ɗiyata na. Wankin gilashi shika yi, sana'atai ke nan, kuma ya iya ta." Na sunkuyar da kai don kada a ga idona. Daga baya da muka keɓe na gaya masa gaskiya, cewa kunyarsa ce ta hana ni gwada bohol ɗin, kuma tsohuwar nan ce ta fitar da ni. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ma shayinsa da ruwan gulbi ake dafa masa.

Asabar da safe muka juyo. Na je sallama da tsohuwar, ta ƙi karɓar komai, ta ma ƙara mini da ƙullin 'ya'yan zogale da busasshen kifi na kai wa iyali. A gadar Tuga na sake cewa a tsaya, na dubi jan ruwan nan da na raina ranar Laraba, abokin aikina yana ta yi mini dariya. Mun shigo Birni da la'asar, mun gaji tiɓis amma rai fari.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Ruwa ba a sanin sa da ido, sai an gwada, ko na wane ne. In ka sauka a gari, kafin ka kunna inji ka tambayi matan da suke wanki a cikinsa. Yanzu a akwatin aikina, kusa da ma'auni, akwai ƙullin zogale.

Da na shiga gida ban kai ga buɗe baki ba matata ta ce ba sai na faɗa ba, Baba ya riga ya kira ta tun jiya. Wai ya ce ta gaya wa mai wankin gilashi ya gode.