Jakin Ƙarfen da Ya Tona Rijiyar Kawuna

A shekarun da fari ya tsananta, soji kuma na riƙe da mulki, ni saurayi ne mai gyaran fitilu da risho a bakin kasuwar Matameye, amma a raina marubuci nake. Na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, na kuma je cin rani Kano, inda na ga jirgin ƙasa yana huci da tururi. Tun daga ranar kaina bai sake komawa daidai ba. Na dawo gida ina rubuta labaran wani gwanin bincike da ke kama ɓarayi da na'urori masu aiki da gawayi da tafasasshen ruwa. Ba ni da ubangida, ba ni da mai buga mini. Da hannu nake kwafa, in ɗinke da zare, in karanta wa jama'a a rumfar mai shayi bayan la'asar.

Aibina ɗaya ne. Na iya ƙirƙiro na'ura, amma ban iya ƙirƙiro wuri ba, sai wanda idona ya sani. Da na rubuta labarin jakin ƙarfe, wanda ake zuba wa garwashi a ciki ya riƙa shinshino hatsin da mugayen 'yan kasuwa suka ɓoye, sai na rasa inda zan sa hatsin. Na ɗauki ƙafaffiyar rijiyar da ke bayan gidan kawuna, mutumin da ya riƙe ni tun ina maraya, na zayyana ta tsaf, har da kurnar da ke gefenta da karyayyen turmin da aka kife kusa da bakinta. Labarin ya yi farin jini, ni kuwa har tafiyata ta canza.

Na manta cewa soji na farautar masu ɓoye hatsi, kuma ba duk mai shan shayi ne shayin ya kawo shi ba. Kafin labarin ya isa barikin jandarma ya riga ya zama gaskiya. Aka tasa ƙeyata. Kumandan ya ce in kawo jakin, hukuma na buƙatarsa. Na rantse masa cewa a takarda kawai yake. Ya ce to in kawo takardar a ba maƙera. Ina ta bayanin tukunyar tururi, shi kuwa damuwarsa ko jakin yana harbi, kuma ko zai iya kaiwa garin Ɗan Barto da ke bakin iyaka bai huce ba. Da ya gane babu jaki, sai ya ce ai rijiya dai tana nan.

Aka zura wani jandarma da igiya ina murmushi, don na tabbata kunamu kaɗai zai tarar. Sai ga tulu ya fito, bakinsa a liƙe da laka. Wani ya biyo baya. Gero ne. Ashe irin shuka ne kawu ya ɓoye, don kada kukan yara ya karya masa zuciya ya ce a daka. Ko matarsa ba ta sani ba. Dattawan unguwa suka yi ta ba da haƙuri har aka ƙyale shi, amma geron an haɗa shi da hatsin da hukuma ke raba wa jama'a. Kumandan har yaba mini ya yi, wai in ci gaba da rubutu.

Kawu bai zage ni ba, kuma hakan ya fi mini zafi. Ranar da ruwan shuka ya sauka ya kira ni gona. Maƙwabta na ta shuka, mu muna tsaye da sungumi, ba abin jefawa a rami. Ya dube ni ya ce, "To, malam marubuci, hura wa jakin naka wuta ya shinshino mana iri." Na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa na yi kuka. Sai da muka je garin Tsauni roƙon iri wajen dangi, muka yi shuka a makare.

Har yau ina rubutu, kuma har yau kunya nake ji in na wuce kurnar nan. Na koyi cewa a lokacin yunwa ba a sauraron labari don dariya kawai. 'Yan'uwana masu alƙalami, ku ƙera na'urarku yadda kuka ga dama, amma rijiya kam ku haƙa taku a cikin kai. Ba ku san abin da wani ya binne a tasa ba.