Kitson da Ya Sauka a Bayan Kakana

Shekaranjiya ɗana ya shigo da wata bulala daga kasuwa, ta jar fata mai tuntu a gindi, ya kafa ƙusa a bangon ɗakin baƙinsa ya rataye ta. Wai ado. Ban ma gan ta da farko ba, don idona ya yi rauni. Warin ne ya iske ni a kan tabarma, warin fatar da ta jiƙu cikin bagaruwa. Kafin in ankara zuciyata ta hau tafasa, kamar ba tsohuwar da haƙoranta suka zube ba. Zauna ka ji dalili, tunda shi ɗan nawa da na soma faɗa masa dariya ya yi.

A cikin Birni aka haife ni, a gidan dukawa, lokacin Nasara bai daɗe da zama a Damagaram ba. Kakana baduku ne, mahaifina kuma a hannunsa ya koyi sana'a. Zaurenmu kullum cike yake da gafaka da kube da takalma, ga warin fata da ya kama bango har ba ma jin sa sai baƙo ya toshe hanci. Amma abin da aka san kakana da shi kitso ne. Yakan yanka fatar bijimi siri-siri, ya jiƙa ta, ya kitsa sili takwas, sannan ya rufe bakin da wani ƙulli mai kama da ƙwallon magarya. Rijiyoyin ƙasarmu zurfi gare su, igiyar kaba ba ta jimawa take tsinkewa, shi ya sa har daga garin Mirya ake zuwa neman igiyar gugarsa. Mutum biyu kaɗai suka iya wannan ƙulli a garin, shi da ɗansa.

Kada ka zaci tsoho ne mai sanyin hali. Faɗa gare shi, ga tsegumin abinci. Ni yake kira amaryarsa, kuma kullum na kai masa fura sai ya ce sakina zai yi saboda gaya ya yi yawa. Sai ya shanye tas, ya miƙo min ƙwaryar.

Wata bazara kumandan Nasara ya tashi ginin bariki a kan duwatsu. Aka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya, aikin dole, ɗaukar dutse a ka daga safe har rana ta faɗi. A irin zafin nan da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, mutane suna hawa suna sauka kamar tururuwa. Maƙwabcinmu ya dawo da karyayyar ƙafa, bai ƙara takawa daidai ba. Ana cikin haka sai ga gardi, ɗan dokan kumandan mai jar hula, ya shigo zaurenmu ko sallama babu. Ya ce bulalan masu tsaron aiki suna saurin kwancewa, ana son masu ƙarko, kuma duk wanda ya kitsa an ɗauke masa dutse.

Kakana bai ko ɗago kai daga basillarsa ba. Ya ce, "Ni igiyar jan ruwa nake kitsawa. Wadda za ta ja jini, ku nema a wani zauren."

Da gardin ya fita yana huci, mahaifina ya matso ya durƙusa. Ya ce, "Baba, in ba mu yi ba, wani zai yi."

"To wanin ya yi."

Ba zan ɓoye maka ba, mahaifina yana da abin tsoro. Juyin gidanmu na ba da namiji ya kusa, shi ne namijin da za a ɗauka, innata kuma tana da tsohon ciki. Na san duk wannan. Na juya shi a raina har na tsufa, kuma har yau bai sanyaya min zuciya ba, don akwai mazan da matansu ke da ciki suka hau dutsen nan suka sauko ba su sayar da kowa ba.

Ya koma kitso a rumfar wani abokinsa a bayan ganuwa, inda idon tsoho ba ya kaiwa. Wata rana innata ta aike ni da furarsa, na tarar da su jere a kan buzu, gajeru masu kauri, kowace da ƙullin gidanmu a baki. Ko yarinya ta san wannan ba igiyar guga ba ce. Na ce, "Baba, wa za a daka da su?" Ya ce, "Sai mai laifi." Ya karɓi ƙwaryar ya kore ni.

Ranar da juyinmu ya zo, mai unguwa ya tsaya a ƙofa tare da gardin nan. An ɗauke wa mahaifina dutse kamar yadda aka yi alkawari, amma ba a ɗauke wa gidan ba, kuma gardin bai manta da maganar da aka faɗa masa ba. Ya nuna kakana da baki. Tsoho mai furfura har a gira! Abin da ke ci min rai shi ne mahaifina yana tsaye a zauren. Na zuba masa ido ina jiran ya ce a tafi da shi, ya bar tsohon. Sai ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Kakana ya naɗe gammo da tsohon rawaninsa ya bi su.

Da la'asar sakaliya mutum biyu suka riƙo shi suka kawo. Ya kasa ɗaga wani dutse ne, aka ce taurin kai yake yi, aka zane shi da bulala. Suka kwantar da shi rub da ciki a inuwar zaure, rigar ta manne da bayansa. Innata ta jiƙa ta da ruwan ɗumi tana ɓanɓarewa a hankali, ni ina riƙe da ƙoƙon man shanu. A ƙarshen kowane shaci akwai wani rami zagayayye inda fata ta fashe.

Ya ce, "Amarya, duba min bakin tabon. Yaya yake?"

Na ce, "Kamar ƙwallon magarya, Kaka."

Sai ya ce a kira masa ɗansa. Mahaifina ya zo ya tsuguna daga nesa. Mun zaci baki zai yi masa, innata har ta soma kuka tana roƙo. Kakana ya juyo da fuskarsa a kan tabarma, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Kai, aikinka ya yi kyau. Tun safe ake dukan bayin Allah da ita, ko sili ɗaya bai kwance ba."

Bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah. Bayansa ya warke, amma bai ƙara kitsa ko igiyar ɗaure akuya ba, mutanen Mirya suka yi ta zuwa suna komawa hannu wofi. Sau ɗaya ya yi min magana a kai, ina shafa masa mai da damina. Ya ce kafin in ƙulla kowane abu a duniya in tambayi kaina a jikin wa zai sauka, in tuna wanda za a daka shi ma kakan wata ne.

Mahaifina kuwa ya samu shiga. Shi ke yi wa mutanen bariki sirdi da takalma, ya gina soro, ya yi ƙiba. Ranar jana'izarsa mutane suna ta yabo, wai mutum ne mai hangen nesa da ya san zama da zamani, ba kamar ubansa mai taurin kai ba. Allah ya jiƙan shi, ubana ne, ina yi masa addu'a. Amma wallahi ranar nan sai da na tashi daga cikin mata na koma bayan ɗaki, don kada bakina ya suɓuce.

Nasara ya tafi, jar hula ta tafi, maganar nan ba ta tafi ba. Ina jin ta a bakin masu manyan riguna da masu zaman ofis, har a cikin gidan nan: in ban yi ba wani zai yi. Duk sanda na ji ta, ramukan nan nake gani.

Shi ya sa shekaranjiya na sa sandata na zaƙulo bulalar ɗana daga ƙusa. Ɗana ya ce, "Haba Inna, ai ba wanda za a daka da ita, sai dai mai laifi." Na dube shi da kyau, ga hancin mahaifina, ga muryarsa. Na ɗora bulalar a cinya na lalubi ƙullin da farce, na kwance ta sili-sili har gindi, na miƙa masa tarin fatar na ce ya rataye.