Da Tirelar Baba Zuwa Ushafa

Ana idar da sallar asuba muka ɗaura 'yar tirela a bayan motata muka bar Durumi, ni da yayana. Tirelar ta marigayi babanmu ce, mai ƙafa biyu, wadda ya yi shekaru yana jigilar tukwane da ita daga Ushafa zuwa cikin gari. Tun da ya rasu take jibge a tsakar gida, kaji sun mayar da ita masauki. Yaya ya ce a kai wa 'yan gwangwan na Dei-Dei su auna ƙarfen, a samu wurin ajiye mota. Ni kuwa na kafe, na ce sam. Da ja-in-ja ta yi yawa sai muka tsayar da magana: za mu je Ushafa mu ɗauko wa Inna randunan da ta daɗe tana mita a kansu. In tirela ta kai mu ta dawo da mu lafiya, ta zauna. In ta ba mu matsala, a Dei-Dei za ta kwana.

Mako guda na yi ina gyara ta. Na sauya tayoyi, na kwance wayoyi, na shafe ta da koren fenti tsaf, sannan na mayar da komai. Wallahi sai ka ce amarya.

Titin Kubwa ya zama wani abu daban, faɗi kamar filin ƙwallo. Muna yara siriri ne, kuma in za a tafi babu kaya, a cikin tirelar nan ake zuba mu kan ciyawa, iska na dukan fuska, Baba yana leƙo mu ta madubi yana ɗaga mana yatsa. A Dutse muka tsaya muka ci masa da miya. Masar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma, amma ta yi daɗi. Daga nan muka kama hanyar Bwari. Duwatsun suna nan yadda na san su, sai dai gonakin doya da ke gindinsu duk sun zama gidaje masu jan rufi.

A Ushafa muka nufi gidan wata tsohuwa Bagwariya da Baba ke sayen kaya a wurinta. Ba ta gane mu ba, tirelar ta gane.

"Kai! Wannan ba na Mai-tukwane ba ne?" Ta dafa ta. "Yana ina?"

Muka faɗa mata ya rasu. Ita da kanta ta zaɓo randuna huɗu, tana ƙwanƙwasa kowace da yatsa tana saurare, ta ƙara mana tulu kyauta. Muka cusa ciyawa a tsakaninsu yadda muka ga Baba yana yi.

A dawowa ne wasan ya ɓaci. Muna gangarowa na taka birki, sai na ga kibiyoyin sigina biyu sun kawo dishi-dishi a gabana. Na sa sigina hagu, ƙararta ta rikice. Kafin in gane kan abin, wata tifar yashi ta danno mana ham, ta goce ta gefenmu da ƙyar. Direban ya leƙo yana zazzaga mini masifa, wai ba ni da wutar birki kuma fitiluna duka rawa suke. Saura kaɗan randunan Inna su zama gari, mu ma Allah ne ya tsare.

Muka gangara gefe. Na duba fis, lafiya lau. Na sauya ƙwan fitila, a banza. Da na zare filogin tirela sai mota ta dawo hayyacinta, da na mayar ta sake haukacewa. Laifi dai ya tabbata a inda ba na so. Yaya, da ya harɗe hannu yana kallona, ya ce, "Dei-Dei fa ba nisa." Na yi kamar ban ji ba, amma raina ya ɓaci sosai.

A hankali muka lallaɓa har wurin wani mai riwaya, wato mai gyaran wutar mota, a Dutse, dattijo mutumin Filato, a gindin mangwaro. Bai yi doguwar tambaya ba. Ya ɗauki guntuwar waya, ya taɓa bakinta ɗaya a ƙarfen mota, ɗayan ya goga a kan wani noti na tirela, ya ce in taka birki. Sai ga jar wuta tangaran.

"Oga, wa ya yi fenti?"

Na ce ni ne.

"To shi ne. Wuta yana zuwa, amma ba ya samun hanyan komawa, sai ya shiga gidan maƙwabta."

Ashe akwai waya guda da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen tirela, ta nan wuta ke komawa mota, ni kuma a kan fenti na ɗaure ta. Da safe ƙugiyar da ke haɗa mota da tirela ce ta rufa mana asiri, wuta na komawa ta cikinta, da ƙura ta shiga sai ta daina. Ya kwance notin ya kankare wurin. Ƙarfen da ke ƙasa ya fito fari tas, har ya yi kwarmi.

"Mai tirelan nan ya san aiki," in ji shi. "Shekaru ya yi yana goge wurin nan."

Nan na tuna tabon. Faɗin tafin hannu ne, babu fenti, na ɗauka sakacin tsufa ne, har shafa biyu na yi masa. Kunya ta kama ni.

Magana dai magana ce, tirela ta ba mu matsala. Da muka iso babban titi na sa sigina dama, hanyar Dei-Dei.

"Ina za ka?" in ji Yaya, fuskarsa na waje. "Sa hagu mu tafi gida. Ita ba ta yi laifi ba. In da wanda za a kai awo, kai ne."

Na mayar da sigina hagu.

Mun iso gida bayan la'asar, ko randa ɗaya ba ta tsage ba. Abin da na tsinta a tafiyar nan, in fitilun tirela suka rikice, ka fara duba wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfe kafin ka zargi mota. Kuma abin da ka tarar tsoho ya bari a yadda yake, ka tambaya kafin ka gyara masa.

Inna ta gama duba randunanta, sai idonta ya kai kan wurin da aka kankare.

"Kowace Juma'a sai babanku ya tsuguna a nan yana kankara, da wuƙar girkina," ta ce. "Wuƙa uku ya kashe mini, kullum muna faɗa."

Ta yi dariya, ta goge ido da gefen mayafi. Ta shiga madafa ta fito da wata tsohuwar wuƙa duk ta dakushe, ta miƙo mini.

"Ungo. Kada ka taɓa mini sabuwar."