Zumuncin da na ƙulla a Lyon

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga La Courneuve da ke gefen Paris, mu uku 'yan Maraɗi, za mu suna a Lyon. Na huɗunmu abokin aikina ne a kasuwar Rungis, shekara biyar muna dakon kayan miya tare. Mutumin wata ƙasa ne ta kudancin Asiya, sunanta kuwa ba zai fito daga bakina ba. Ƙaninsa ya yi rubutu a intanet kan gidajen unguwarsu da hukuma ta rushe, sai 'yan farin kaya suka zo suka tafi da shi. Wata takwas ke nan, ba kotu, ba wanda ya ce ga inda yake. Akwai wata lauya a Lyon mai bin irin wannan magana, ita zai gani. Abu guda ya roƙe mu: kada labarin zuwansa ya koma gida, don tsohuwarsu na can ita kaɗai, kuma an san ƙofarta.

Hanya dai sumul, sai ka ce an shafa mata mai, amma kuɗin hanya da muka biya ya isa a sayi ɗan akuya a gida. Direbanmu ya yi ta ƙunƙuni har muka wuce gonakin inabi. Mutumina kuwa ya kashe wayarsa tun a Paris, motar da duk ta daɗe a bayanmu sai ya waiga.

Mun tsaya shan kofi wajen garin Beaune, ɗan kofin da bai kai kurɓa uku ba. Nan wani ya matso ya yi masa magana da harshensu, da fara'arsa. Buɗar bakin mutumina sai Faransanci, wai bai gane ba. Na ji haushi, wallahi. Mu da in muka ji Hausa a jirgin ƙasa sai mun tsallake kujeru mun tambayi mutum ɗan wane gari ne, gidan wa! A mota muka yi ta yi masa tsiya, ya yi murmushi kawai.

Kafin azahar muka shiga Lyon, garin koguna biyu, iska mai sanyi. Muka ajiye shi ƙofar lauya, muka wuce gidan suna, muka ci dambu da naman rago har muka kasa tashi. Da la'asar na koma ɗaukarsa. Idanunsa jajur, bai sa komai a cikinsa ba tun safe. Tausayi ya kama ni. A wurinmu, baƙo in yana cikin damuwa, wajen mutanensa ake kai shi. Na tuna na ga wani gidan abinci na 'yan ƙasarsu a unguwar Guillotière, na ja shi har can. Ya toge a ƙofa, na ce haba, kunyar me, na kama hannunsa.

Da mai gidan ya fito, na gaishe shi kamar yadda ake yi, na ce ga ɗan'uwanku daga Paris, ya zo wajen lauya kan maganar ƙaninsa, ku taya shi da addu'a.

Ban rufe baki ba na san na yi ɓarna. Mai gidan ya rungume shi, ya zaunar da mu, ya cika tebur da shinkafa da naman kaza mai yaji. Daga nan sai tambaya: wane gari, wace unguwa, wa ya haife shi, wace lauya ce. Ya ƙi karɓar kuɗi. Wani da ke cin abinci a gefe ya tashi ya fita da waya a kunne. Ko kirki ne tsantsa, ko wani abu ne, Allah masani.

Washegari muka juyo, direba ma ya bar ƙorafin kuɗin hanya. Muka iso lafiya, kowa ya kama gabansa.

Kwana huɗu bayan haka ya same ni a bakin aiki. Ya ce an je wa tsohuwarsu, an tambaye ta abin da ɗanta ya je yi Lyon, an kuma tafi da katin shaidarta.

Na ce, "Ni ne?"

Ya ce, "Ban sani ba, ɗan'uwa. Ko mai abincin ne, ko wancan mutumin, ko wayar lauya. Haka suke so, kada mu taɓa sani."

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, akwai hukumar da hannunta ke tsallake teku ta shiga tsakanin mutum da ɗan garinsu. Asirin da aka ba ka amana ba naka ba ne, ko da alheri kake nufi. Tsohuwar nan har yau a gidan maƙwabta take kwana don tsoro, ni kuma ban san ko bakina ne ya fitar da ita daga ɗakinta ba.