Ƙwayar Darma Ta Bakwai

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in ne na safe, ranar kasuwar Gummi. Na san lokacin don sai da na duba agogona kafin in zauna. Mu uku ne a rumfar: ni, da Kawu Sanda ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi farauta tun yana saurayi, da mai rumfar, wani siririn mutum mai gyaran bindigogin mafarauta. Wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, a farkon shekarun dubu biyu, ba ji na yi ba, kuma zan jero shi yadda ya zo, ba ƙari ba ragi.

Ga dalilin zuwanmu. Ina aikin tsaron sito a Anka mahaifinmu ya rasu, na dawo ƙauyenmu ta wajen Bukkuyum na karɓi riƙon gida. Abu mafi daraja da ya bar mana shi ne irin gyaɗa, rumbu guda, wanda shi za mu shuka idan damina ta sauka, kuma saura wata biyu. Rumbun yana bayan gida ta bakin gona, kurege kuwa ya gano shi, da rana tsaka idan gari ya yi tsit sai ya fito ya yi ta haƙa ta ƙarƙashi. Ina zuwa na kafa doka uku: a share gindin rumbu kullum, a liƙe kowace kafa da laka, sannan Inna, mahaifiyarmu, ta daina zuba ɗan cikin tafin hannu na gyaɗa a kan dutsen da rumbun ya hau, abin da take yi kowace safiya tun muna yara. Na ce wannan ne ke gayyato mana ɓarna. Ina da bindigar iska da na saya a Anka, amma idona ya fara rauni, daga taku ashirin kurege ɗan toka-toka kawai nake gani. Shi ya sa na zo neman madubin saiti, wanda ake ɗorawa a kan bindiga ya jawo maka abu kusa.

Mai rumfar ya ajiye guda uku a kan buhu. Na farko babba ne, yana jawo abu har ka ga gashin ido, ya sa idonsa ya gwada ya miƙo mini, amma shi da kansa ya ce na bindigar albarushi ne, ita bindigar iska zaburarta gaba da baya ce, cikin sati za ta wargaza shi. Na biyu ƙarami ne sabo, an yi shi don irin bindigata, shi ma ya leƙa ya miƙo. Ba laifi, sai dai gefensa da ɗan hazo. Na uku tsoho ne mai nauyi, an naɗe tsakiyarsa da jar fata. Wannan bai leƙa ba, turo shi ya yi da bayan hannu, kuma ban lura da hakan ba sai daga baya. Da na sa ido, subhanallahi, sai na ga zaren da ke lilo a bakin rigar wani mai sayar da albasa can ƙarshen layi, tas, kamar idona na ƙuruciya ya dawo.

Kawu ya karɓa ya girgiza shi kusa da kunnensa, wani abu ya yi ƙas-ƙas a ciki. Mai rumfar ya ce ɗan noti ne ya saki, ba ya hana aiki. Kawu ya tambaye shi na wane ne da, ya ce a kayan wani ya same shi, ya kau da kai.

“Ɗauki sabon,” in ji Kawu. “Madubin da ba ka san idon da ya riga ka ba, ba a sa mishi ido. Haka munka iske.”

Na ce Kawu, ni gani nake nema, ba tarihi ba. Ya yi dariya ya ce taurin kan ubana ne ya tashi, shi kuwa bai taɓa cin gardama da shi ba har ya koma ga Allah. Na ɗauki tsohon.

Washegari muka yi saiti yadda ake yi. Na jingina kwali a jikin suri, na auna taku ashirin da biyar, na zana baƙin ɗigo, na harba sau uku. A ƙa'ida madubin da aka ciro daga wata bindiga sai an yi ta murɗa shi sama da gefe kafin ya daidaita. Wannan ko taɓa shi ban yi ba, ukun nan suka shiga rami ɗaya a tsakiyar ɗigon. Ni na yi murna. Kawu ya daɗe yana duban kwalin, ya ce shi bai taɓa ganin madubin da ya san bindiga tun kafin a haɗa su ba, ya saɓa sandarsa ya tafi, ko furar da Inna ta dama bai tsaya sha ba.

Ranar farko na zauna ƙarƙashin darbejiya bayan Azahar, kurege ya fito, na ɗora layukan nan biyu masu gittawa a kan wuyansa, na danna kunama. Ko motsi bai yi ba, ya ci gaba da haƙarsa. Na sake, haka. Da safe na zo duba shara, sai ga ƙwayoyin darma biyu a jere kan dutsen rumbu, daidai inda Inna ke zuba gyaɗa. Ku lura da wannan: darmar da aka harba tana lotsewa, waɗannan kuwa lafiya lau suke, kamar yanzu aka ciro su daga gwangwani. Na ƙirga na gwangwanina, biyun da na harba babu su.

Rana ta biyu na harba biyu, da safe huɗu a jere. Rana ta uku biyu, da safe shida, tazarar da ke tsakaninsu iri ɗaya kamar da ma'auni aka yi. Ban taɓa su ba. Na koma kan kwali na gwada, rami ɗaya. Daga nan zama ya gagare ni, in na shiga ɗaki sai in fito in zagaya rumbu, in na ɗauki abinci sai in ajiye, ina ta lissafin kwanakin da suka rage kafin ruwa da ramukan da ke ƙaruwa a ƙarƙashin irinmu.

Na tuhumi Inna, Allah Ya yafe mini. Tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ita ina ta ga idon tsintar darma a ciyawa. Na ce to wa take ba wa gyaɗar nan shekara da shekaru? Ta ce ba ta sani ba, uwar mijinta ta ga tana yi, ita sadaka take yi, wanda Allah Ya ciyar ya ci.

“An maido maka kayanka har shidda, ɗan nan,” ta ce. “Wanda ya yi maka haka ya yi kawaici. Bar ni in zuba abina.”

Na ce doka doka ce, ba a zubawa.

Rana ta huɗu, ƙarfe ɗaya da rabi da 'yan mintoci, rana ta take, ko kaza ba ta motsi. Kurege ya fito, babba, na gan shi da idona, na kwantar da kunci na leƙa madubi, yatsana ya riga ya fara matsa kunama. Abin da ke cikin madubin ba kurege ba ne. Tsohuwa ce a tsugune ta ba ni baya, da zane baƙi na saƙi wanda ya koɗe, tana shafa saman dutsen nan da tafin hannu kamar mai neman abin da ta saba tararwa. Ba inuwa ba ce, har jijiyoyin bayan hannunta na gani. Ta fara juyowa, ni kuwa ina so in saki yatsa amma ya riga ya wuce inda ake dawowa, idonta na faɗowa cikin nawa bindiga na tashi.

Ban ji ihu ba. Na ɗago kai, ba tsohuwa, ba kurege, ba jini, darma shidan nan ma babu su a kan dutse. Na yi ta karanta abin da ya zo bakina. Da na sauke bindigar sai madubin ya yi ƙara, kuma na rantse ƙarar ta fi ta ranar kasuwa.

Da La'asar na kasa haƙuri, na kira Kawu muka sa tsani muka buɗe rumbu. Gyaɗa na nan cike yadda mahaifinmu ya bari, ba ɓawo ɗaya da aka fasa. Na yi hamdala, na ɗebo na murza ɗaya, fanko. Na murza wata, fanko. Kawu ya zura hannu har kafaɗa ya ɗebo ta ƙasa, muka zauna muna fasawa har Magariba, ba huda, ba tsutsa, ba gari, ɓawo a rufe cikinsa wayam. Abin da ya tsira shi ne wata 'yar tukunya a ɗakin Inna, wadda daga ciki take ɗiban sadakarta. Da ita muka shuka ɗan gefen gona a shekarar, sauran muka sa gero. Inna ba ta taɓa ce mini ga abin da ta faɗa ba, da safe dai na ga gyaɗa a kan dutse, na kau da kai na wuce.

Kasuwa na zagayowa na mayar da madubin. Mai rumfar bai tambaye ni komai ba. Ya karɓa da tsumma, ya kai kunne ya girgiza a hankali, ya saurara.

“Da biyu na,” ya ce. “Yanzu ukku.”

Na tambaye shi su wa suka sa biyun da ke ƙas-ƙas a ciki, kuma me ya same su. Ya ce in ɗauki sabon in tafi. Na ce ya fasa wannan a gabana, ya ce shi ba ya fasa abin da bai san mi ke fitowa ba. Ban ɗauki sabon ba. Bayan wata uku na koma, wani mai facin taya ne a rumfar, ya ce mutumin ya kwashe kayansa ya yi wajen Anka.

Ban san abin da na harba ba, kuma ban sami wanda ya gaya mini ba. Abin da na sani, har yau idan ƙarfe ɗaya da rabi ta yi ba na iya zama wuri ɗaya, sai na tashi na duba bakin ƙofa, ko an ajiye mini ta bakwai.

Don haka ina roƙonku abu uku, ku bi su a jere. Idan za ku sayi madubin bindiga, ku sa mai sayarwa ya fara leƙawa da idonsa. Sannan ku girgiza shi a kunne. In kuka ji ƙas-ƙas, musamman in da jar fata a tsakiyarsa, don girman Allah ku ajiye shi a inda kuka gan shi, kada ku zama na huɗu.